Taku Ukun Baba Gado

Ran nan ɗayanku ya tsaya a bakin rumfar nan da waya a hannu, ya ce mini wai awon fili yanzu ko yaron goye zai iya, tunda waya tana nuna maka inda kake tsaye. Ban tanka masa ba, bakina da goro. Yau da kuka zauna zan ba ku amsa, wanda ya ga dama ya ɗauka. Shekara talatin da 'yan kai ina jan igiya tsakanin Jega, Aliero da Maiyama, har sunana ya koma Isa Mai'igiya, kuma har gobe akwai aikin da in na tuna shi sai kaina ya ɗaure.

Aikin farko da na bi Malam Bawa rabon wata gonar gado ce a Gehuru. Malam Bawa shi ne ubangidana a sana'ar nan. Ya daɗe yana riƙe wa wani safiyo sarƙar awo kafin ya fara cin gashin kansa. Bai san boko ba sai lambobi, amma in ya kafa turke ba mai sa a tuge shi. Ni kuwa fitowata sakandare ke nan, kaina cike da aljabara, ina ganin tsohon nan wahalar da kansa kawai yake yi. Kayan aikinmu ba su da yawa: igiyar rama mai mita talatin, wani kamfas da gilashinsa ya tsage, sanduna uku masu jan ƙyalle a ka, guduma, sai turakan kirya, don ita ce gara ba ta cika damunta ba. Igiyar nan tana da halinta. In ta sha raɓa sai ta ƙanƙance, in ta sha rana ta saki jiki, shi ya sa Malam ba ya fara awo sai hantsi ya dubi ludayi.

A gonar nan na fara ganin al'adar da ku ma za ku tarar. A ƙauyukanmu ba ka yanka wa mutum iyaka yana zaune a inuwa. Shi zai taka da ƙafarsa, kai kuma ka buga turke inda ya tsaya, don kada gobe ya ce an cuce shi. Ƙafarsa ce shaidarsa.

A nan kuma na ga wata ɗabi'a ta Malam da ta riƙa ba ni kunya. Da mun miƙe igiya a ƙasa, sai ya ajiye butarsa a wancan bakin, ya dawo wannan bakin ya tsaya. Can sai ya dafe kai ya dubi mai gona.

"Ash, na mance butata. Don Allah ɗauko min ita."

Ko dattijo ne mai furfura shi zai aika, alhali ga ni tsaye ba abin da nake yi. Sau ɗaya na yunƙura zan je, ya watsa mini hararar da ta zaunar da ni. Mutum na tafiya Malam yana bin sa da ido, leɓɓansa na motsi, na ɗauka tasbihi yake ja. Kowace gona haka. Na yanke a raina cewa tsufa ne ya haɗu da ɗan son girma.

Wani aiki a Aliero ne ya fara kumbura mini kai. Wani mai albasa ya sayi fadama, yana so a raba masa ita gida huɗu da hanyoyin ruwa a miƙe. Na sayo takardar giraf, mai ƙananan gidajen nan kamar saƙar zuma, na zauna na zana. Abin ba wuya. Ka zaɓi wuri ɗaya, ko rijiya ko kututture, ka ce nan ne sifili. Tafiyar da ka yi gabas ka kira ta x, wadda ka yi arewa ka kira ta y. Kowane miƙaƙƙen layi kuwa abu biyu kawai yake da shi: inda ya taso, da yadda yake karkata. A makaranta sun ce y = mx + c. Wannan c ɗin shi ne inda layin ya taso, m kuma shi ne yawan matsawarsa arewa duk lokacin da ka ja igiya ɗaya gabas. Sai babbar magana, wadda na haddace kamar sunana: layi biyu in m ɗinsu ɗaya ne, ba za su taɓa haɗuwa ba, ko da za su tafi har Birnin Kebbi.

Na kai wa Malam takardar ina jiran yabo. Ya riƙe ta a juye, na gyara masa, ya daɗe yana kallo.

"Takardakka ta yi kyawo," in ji shi. "Amma takarda ba ta da ƙaya, ba ta da tudu. In ka auna baki, tahi ka auna wutsiya."

Na ce to. Irin "to" ɗin da kuke ce mini ku ma.

Da ciwon gwiwa ya zaunar da Malam a gida, igiya ta dawo hannuna. Na yi aiki da mutane iri-iri. Akwai magadan da ke zuwa da fara'a su koma ba mai gai da wani, akwai mai filin da zai rantse kakansa ya ce iyakarsa ta kai gindin tsamiya, ka je ka tarar tsamiya uku ce a wurin. Duk na iya da su. Takardar giraf ta yi mini suna, har ana cewa a kira mai rubuta gona a takarda. Butar kuwa na bar wa Malam abarsa, don ni ba na mantuwa.

Sai aikin burtali ya zo, a wani ƙauye kusa da Andarai. Burtali dai kun san shi, hanyar da ake bar wa shanu tsakanin gonaki su sauka mashaya. Tsohon burtalin garin ya ɓace, noma ya cinye shi kaɗan-kaɗan, kuma kowace shekara sai an yi cacar baki tsakanin manoma da mutanen Ardo Buba, shugaban Fulanin da ke zaune a gefen garin tun kafin a haife ni. Maigari ya tara su aka shirya cewa za a fitar da sabo, faɗinsa taku ashirin, daga tsohuwar rijiya har bakin ruwa. Gona biyu zai ratsa. Ta kudu ta Sani Dogo ce, wani ƙato da sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ta arewa ta Baba Gado ce, ɗan tsamurmurin tsoho mai ciwon ƙugu, wanda shi ke kiran sallar asuba a garin.

Na fara taka wurin ni kaɗai. Daga rijiya zuwa mashaya igiya goma sha takwas ce gabas, taku hamsin da huɗu arewa, da ƙafata, ni ma kuwa kun ga ba gajere ba ne. Raba hamsin da huɗu gida goma sha takwas, uku ke nan. Na rubuta layin kudu, y = 3x. Na taka ashirin arewa da rijiya na buga turke, na rubuta layin arewa, y = 3x + 20. Igiya ɗaya gabas, taku uku arewa, a buga turke, a sake. Uku nan, uku can. Ko makaho ya san ba za su haɗu ba.

Lokacin ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, in ka shiga ba ka ganin wanda ke gabanka, balle na wancan gefe. Ran Asabar muka yi ɓangaren Sani Dogo. Ina jan igiya da kamfas, shi yana taka ukunsa, ina bugawa. Ran Talata muka yi na Baba Gado, haka dai, sai da muka huta sau huɗu saboda ƙugunsa. Da muka buga turke na ƙarshe la'asar ta yi sanyi, ƙaiƙayin dawa ya ishe ni. Maganar Malam ta faɗo mini, in je in auna wutsiya. Na dubi takarda, takarda ta ce ashirin. Na naɗe igiyata na hau keke.

Bayan an yanke dawa, kowannensu ya dasa albasa a ƙasan gonarsa ta wajen ruwa, ya ja shingen ƙaya daidai kan turakana. An ce mutane sun lura hanyar tana tsukewa, amma wa zai yi musu da mai takarda? Ranar da Ardo ya saki shanunsa, suka shiga ta wajen rijiya a sake, suna tafe hanya na matse su, na baya na turo na gaba, har suka cushe a ƙasa. Shanu ba su san haƙuri ba. Suka fasa shinge hagu da dama, suka tattake fangalin albasa na gona biyun. Samari suka fito da sanduna, Fulani ma da nasu. Allah ya sa Maigari na kusa, ya shiga tsakani.

Aka aiko mini. Ina isa Ardo Buba ya tare ni, bai ko bari na sauka daga keke ba.

"Malam Isa, wanga burtali na, ko mazurari na? Baki awa hilin Idi, wutsiya awa ƙohwar ɗaki."

Na bi shi har ƙasa. Tsakanin turken ƙarshe na kudu da na arewa, taku biyu. Na sake takawa, biyu. Na buɗe takarda, ashirin. Na duba lissafina daga sama har ƙasa, ba kuskure. Na zargi igiya, na auna ta, lafiyarta lau. Na zargi kamfas, na gwada shi da inuwa, bai yi ƙarya ba. Na tsaya a tsakiyar kashin shanu da takarda a hannu kamar wanda aka aika kasuwa ya mance saƙo.

Sai na bi turakan ɗaya bayan ɗaya ina takawa da ƙafata. Na Sani Dogo, uku, uku, uku, har ƙarshe. Na Baba Gado, biyu, biyu, biyu. Wato layin arewa ya kwanto cikin burtali, gonar tsohon ta ƙaru. Maigari ya tambaye ni a gaban jama'a.

"Kai kab buga turakan ga. Mi yah hwaru?"

Da na ce ban sani ba, da na faɗi gaskiya. Amma mai takarda bai saba cewa bai sani ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, uku na buga, yanzu biyu na gani. An taɓa turakan arewa."

Ku da kuka tashi a gari ba ku san nauyin maganar nan ba. A ƙauye a ce ka tuge turken iyaka, gara a ce ka saci akuya. Ba a ƙara sa ka shaida, ba a ba ka ajiya, 'ya'yanka ma sai an yi musu gori da shi. Baba Gado ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu.

"Inda ƙahwata tat tsaya, nan yab buga. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Aka sa ran Jumma'a bayan an sauko, zai dafa Alƙur'ani. Kafin ranar ma, na ji an ce wani ne ya riƙa kiran sallar asuba.

Kwana ukun nan ban gane kaina ba. Na ɗora turakan arewa a takardar giraf yadda na same su, ina sa ran in ga layi a karkace kamar sawun maciji, don mai satar iyaka a gurguje yake yi. Sai ga layi ya fito sambal, y = 2x + 20. Turke na farko ya matso taku ɗaya, na biyu taku biyu, na uku taku uku, har na goma sha takwas, ba wanda ya kauce. Na haɗa shi da na kudu, 3x = 2x + 20, x ya ba ni ashirin. Da burtalin ya ƙara igiya biyu, da ya rufe ruf. To wane irin ɓarawo ne wannan da ya iya aljabara? Tsohon da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko? Na koma na duba gindin turakan. Ƙasa ta kama su, ciyawa ta nannaɗe su, ba alamar an girgiza ko ɗaya. In ba a taɓa su ba, ni na buga su a haka ke nan. Amma ai da kunnena na ji shi yana ƙirgawa, ɗaya, biyu, ukku. Har aljanu sai da na zarga, ni da nake wa mutane dariya in sun kawo zancensu.

Ran Jumma'a na riga kowa zuwa ƙofar Maigari, na zauna a gindin darbejiya. Sai ga su sun ɓullo daga masallaci, Sani Dogo riƙe da buzun Baba Gado, don shi bai taɓa yarda tsohon ya yi ba, ko da yake albasarsa ma ta tafi. Suka wuce ta gabana a jere a kan rairayi. Ban iya ɗaga ido na dubi tsohon ba, sai na dubi ƙasa. Ga sawunsu nan gefe da gefe, babban takalmin Dogo da ɗan silifas ɗin Baba. Ba da niyya ba na fara ƙirgawa. Dogo biyu, Baba uku. Dogo biyu, Baba uku.

Na durƙusa a kan rairayin nan da kara a hannu ina gwadawa, mutane na kewaye ni suna tsammanin na taɓu. Taku ukun Baba Gado taku biyun Dogo ne cif. Uku na rubuta nan, uku na rubuta can, amma ba uku ɗaya ba ne. Igiya ce ta auna gabas, ita ba ta canzawa, ƙafa kuwa ita ta auna arewa, kuma ƙafa biyu na yi aiki da su.

A durƙushen nan butar Malam Bawa ta faɗo mini. Ba tasbihi yake ja ba, ba kuma mantuwa yake yi ba. Ƙirga takun mutum yake a kan tsawon igiya, don ya san ko ukun wannan biyu ne, sai ya ce masa ƙara ɗaya, ba tare da ya kunyata shi da cewa ƙafarka gajera ce ba. Shekara shida ina kallonsa yana yi, ina jin kunya a madadinsa.

An riga an fito da Alƙur'ani a cikin gafaka, Baba Gado ya yi alwala. Na ce a dakata. Na kira Maigari da Ardo na nuna musu sawun. Na sa Dogo ya taka uku, na sa Baba ya taka uku a gefensa, kowa ya ga tazarar. Na ce ba wanda ya taɓa turke, ni ne na buga su a inda suke, ni ne kuma ban je na auna wutsiya ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ta dace da ni.

Baba Gado bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni.

"Shekara saba'in ƙahwag ga ba ta taɓa kai ni gonar wani ba, sai da kas sa ta lissahi."

Ardo ya ce zai riƙa zagayawa da shanu ta nesa har a cire albasa. Tsohon ya ƙi. Ya ce shi ba ya cin albasar burtali. Washegari ya shiga da kansa ya tuge abin da shanu suka rage a cikin yankin nan, fangali bayan fangali, bai yarda na taya shi ba. Muka sake layin arewa. Wannan karon na yanko kara daidai takuna, shi ya riƙe da hannunsa yana kwantarwa sau uku, ina bugawa. Na auna baki, na auna tsakiya, na auna wutsiya, ashirin.

Ya koma kiran sallarsa. Amma magana in ta fita ba ta komawa duka. Waɗanda suka ji zargi a kasuwar Maiyama ba duka suka ji wankewar ba, kuma har ya rasu akwai masu cewa ai ruwa ba ya tsami banza. Ni na jawo masa wannan, da lissafin da ba kuskure a cikinsa ko ɗaya. Abin da har yau nake juyawa ke nan in kasa ajiye shi wuri ɗaya: takardar tana nan a akwatina, in kun duba za ku ba ni maki cikakke.

Da na je na ba Malam Bawa labari, yana kwance a zaure, bai bari na kai ƙarshe ba.

"Ka aike shi ɗaukar buta?"

Na ce a'a. Ya juya fuskarsa bango.

Wayarku za ta gaya muku inda kuke tsaye, ban musa ba, ta fi kamfas ɗina nesa ba kusa ba. Amma ranar da kuka je ƙauye, mai gona ba zai yarda da waya ba, zai ce shi zai taka, kuma dole ku bar shi ya taka. Kai mai wayar, na mance butata can gindin mangwaro, don Allah ɗauko mini. Yauwa, Allah ya yi albarka, ajiye nan. Taku nawa ka yi? Ka ga, ba ka ƙirga ba. Arba'in da ɗaya ne.